Agogon Kaset na Ɗangoggo

A shekarar da gwamnati ta kwaso komatsanta daga Legas ta sauke a Abuja, cikin abin da tireloli suka zo da shi har da teburori, da kujeru masu juyawa, da fayil-fayil ɗaure da igiya, da kuma Ɗangoggo. Shi dai direba ne na wani darakta mai suna Alhaji Hanif, amma in ka ji shi yana ba da labari a teburin shayi sai ka rantse da shi aka yi shawarar tasowar. An ba ogansa gida a Maitama, ko fenti bai gama bushewa ba. Ɗakunan baya kuwa mai gadi da kuku sun riga shi kamawa, don haka ya gangara Mararaba ya sami ɗaki a gidan Baba Yamusa, ya riƙa gaya wa mutane shi ne ya ƙi Maitama saboda ta cika shiru.

Baba Yamusa manomin doya ne, ɗan asalin ƙasar. Tsohuwar gonarsa tana ƙarƙashin kwalta da gine-gine. Duk ranar da ya shiga gari da 'yarsa Asibi sai ya tsaya gaban wani dogon ofis ya nuna mata daidai inda rumbunsa yake a da. Burinsa ɗaya ne a duniya, wata rana Asibi ta shiga ofis ɗin nan ta ƙofar gaba, ta zauna a kujera, a kawo mata takarda ta sa hannu. Shi ya sa ya yi mata rajistar jarrabawar shiga jami'a, ya kuma gaya mata a fili cewa sau ɗaya ƙarfinsa zai kai. Jarrabawar kuwa rana ɗaya ake yin ta a shekara, wata Asabar, awa uku da rabi. Wanda ya faɗi sai baɗi. Asibi ba ta da baɗi.

Ɗangoggo na jin haka ya gyara zaman agogonsa. Wani ƙaton agogo ne ruwan zinari, wanda ya tsaya cak tun suna gadar Lokoja, amma kullum sai ya goge shi da bakin riga. Ya shaida wa mutanen gidan cewa Allah ne ya kawo shi Mararaba saboda yarinyar nan, don shi ya zauna wannan jarrabawa a Legas, ya cinye ta, har jami'o'i biyu suka yi rigima a kansa, ya haƙura da karatun don kada ya ɓata wa ɗaya rai.

Gaskiyar magana, babban ɗan ogansa ya kai wurin jarrabawar, ya zauna a mota yana jira. Ya saka wani kaset na kiɗan kalangu, yana juya shi yana gyangyaɗi, kuma sai da ya juya shi sau biyar kafin yaron ya fito. Duk yaran da suka fito ranar abu ɗaya suke faɗa, lokaci bai ishe su ba. Iyakar ilimin Ɗangoggo ke nan a kan jarrabawar, kuma ya ishe shi buɗe makaranta.

Ya tara yaran unguwa ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida ya yi musu bayani. Ba jahilci ke kayar da yara ba, in ji shi, abu uku ne: lokaci, da mazaunai, da mara. Wanda ya iya zama a benci ba motsi, ya iya riƙe fitsari, ya kuma san lokaci a cikin kansa, ya gama da jarrabawa, sauran duk cike ɗigo ne da fensir. A ɗakin jarrabawa ba mai gaya maka lokaci. Saboda haka za su haddace kaset ɗin nan. Juyi biyar, tsawon jarrabawa ke nan. Inda mawaƙin ya yi tari a juyi na biyu, a ajiye Turanci. Inda ya fara kirarin sarkin fawa a juyi na uku, a shiga darasi na gaba. In ya kai kan direban babbar mota a juyi na biyar, a soma duba aiki.

Asibi, wadda ta saba karanta littattafanta tun da sassafe kafin ta tafi ɗibar ruwa, ta ɗaga hannu.

"Kawu, ba agogo a ɗakin?"

"Agogo?" Ɗangoggo ya yi dariyar wanda ya ga duniya. "'Yata, ko rana ba a bari ta leƙo. Na shiga na gani."

Daga ranar ya ce a riƙa kiransa Farfesa. Mutum na farko da ya karɓi sunan hannu biyu shi ne Baƙo mai shayi, wanda teburinsa ke daura da mangwaron, kuma yadda yake jan kalmar ya isa ya sa mai hankali ya ajiye sunan. Ɗangoggo ya ɗauka girmamawa ce.

Asabar ta farko yara suka cika benci biyu. Aka hana su ruwa tun asuba, aka hana su kunun Mama Hannah, mahaifiyar Asibi, wadda ta tsaya da ludayi a hannu tana tambaya ko jarrabawa ce ko azumi. Farfesa ya raba musu tsofaffin takardun tambayoyi, ya ɗora rakodarsa a kan turmi, ya danna.

Matsalar rakodar nan batir ce. Ɗangoggo bai taɓa sayen sabon batir ba tun zuwansa Abuja. Yakan shanya tsofaffin a kan kwanon ɗaki su sha rana, ya ɗan ciccije su da haƙori, ya mayar. A juyi na farko mawaƙin yakan fito da ɗan kuzarinsa. A na biyu sai muryar ta yi nauyi kamar an ɗora masa buhu. A na uku ya koma dattijo mai mura. A na huɗu ya zama bijimi. A na biyar kuwa, kalma ɗaya sai ta ɗauki lokacin da mace za ta soya kaskon ƙosai ta kwashe. Zaman da aka fara bayan karin kumallo sai da aka kira la'asar yana nan.

Matan unguwa da suka ji kalangu da safe sun ɗauka suna ake yi, har wata ta aiko da tambayar me aka haifa. Da yamma ta yi, wata tsohuwa daga bayan layi ta ji gurnanin da ke fitowa daga gidan Yamusa, ta yafa zane ta shigo tana share hawaye, tana tambayar wa ya rasu. Mama Hannah ta nuna mata turmi. Tsohuwar ta tsaya ta saurara, ta ce ko ma wane ne a ciki, a kai shi asibiti.

Yara suka fara zamewa. Wani ya ce cikinsa, wani ya ce kakarsa ta aike shi. Kafin Asabar ta gaba saura mutum biyu: Asibi, wadda ba ta son ta raina babba, da Dominic ɗan maƙwabta, wanda ya yarda da duk abin da ya fito daga bakin Farfesa. Dominic ya haddace kaset ɗin har da tarin. Ran nan ƙafafunsa suka mutu a juyi na huɗu, ya miƙe don ya nuna ba komai, ya tafi gaba ɗaya cikin bahon dawar da Mama Hannah ta jiƙa. Farfesa bai ko motsa ba, ya ce a Legas wanda ya faɗi ba a tsayar masa da lokaci. Wata rana kuma rakodar ta tauna zaren kaset. Ya karɓi fensir ɗin Asibi ya zura a ramin yana naɗewa, yana gaya musu su ci gaba da zama, irin wannan ma yana faruwa a ɗakin jarrabawa.

Baƙo dai bai fasa ba. Ya ce shi bai yi boko ba, amma ya san awa uku da rabi, don tsakanin hura wutarsa da ƙarewar burodin safe ke nan. Wannan zaman kuwa ya ci burodin safe, ya ci na rana, yana neman na dare. Ya ƙara da cewa ɗan wansa ya taɓa yin jarrabawar a garin Kafi, kuma da azahar yana gida yana cin tuwo.

"Ya ci?" in ji Ɗangoggo.

"Bai ci ba."

"To ka gani."

Baƙo ya nuna masa inuwar mangwaro, wadda ta tashi daga yamma ta koma gabas. Ɗangoggo ya ce inuwa lokacin ƙauye ce. Jarrabawa da lokacin gwamnati ake yin ta, lokacin gwamnati kuwa ba a gama kwaso shi daga Legas ba, yana cikin tirelar ƙarshe. Baƙo ya ce in tirelar ta iso a sanar da shi, zai so ya ga yadda ake sauke shi.

Abin da ya rage shi ne yadda kaset zai shiga ɗakin jarrabawa. Nan ma Farfesa ya riga ya gama tunani. Ba sai ya shiga ba. Shi zai tsaya a bayan taga ya ƙure murya, yaransa na ciki suna ji suna aiki, sauran yara kuwa su ɗauka biki ake yi a gari.

Baba Yamusa ba mai yawan magana ba ne. Ana jibi jarrabawa ya kira Ɗangoggo gefe, da Hausarsa wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Ni ban san kaset ba," ya ce. "Yarinyan nan sau ɗaya zai zauna. In bai gama takarda ba saboda waƙan ka, ka nemi wani gida."

Ɗangoggo ya dafa ƙirji ya ce Baba ya fara tunanin irin kujerar da yake so a saya wa Asibi a ofis.

An tura su Asibi da Dominic wata sakandare a Bwari, can ɗaya ƙarshen gari. Sai ga sa'a. Ranar Juma'a Alhaji Hanif ya miƙa wa Ɗangoggo makullin motarsa Fijo, ya ce gobe ya kai ta wurin makanike a yi mata sabis, shi zai kai 'yarsa Nazeefa jarrabawa a motar Hajiya. Ɗangoggo ya ce an gama, ranka ya daɗe. Bai tambayi inda Nazeefa za ta zauna tata jarrabawar ba.

Da asuba Fijo ta cika. Baba Yamusa a gaba da hularsa ta zuwa coci, Asibi da Dominic a baya da fensira, Baƙo a gefensu rungume da tukunyar shayi, ƙafafun teburinsa na leƙowa daga but ɗin motar. Baƙo ya lissafa cewa inda iyaye za su yi cirko-cirko tun safe, nan kasuwa take. Ladan mota kuwa shayi kyauta ga direba. Mama Hannah ta biyo su da jarkar kunu, Farfesa ya ce doka ta hana ɗalibai, amma don kada ya lalace shi zai taimaka. Kafin su wuce Nyanya ya taimaki rabi. Kafin Dutse ya taimaki sauran. Suna isa Bwari Baƙo ya hura wuta, Farfesa ya karɓi ladansa a babban kofi, ya ce bai ji sukari ba, aka sake, ya ce wannan madara ta yi yawa, aka sake.

Ƙofar makarantar cike take da iyaye. Sojoji biyu da wani sajan mai gashin baki suna laluben aljihun yara kafin su shiga. Asibi ta durƙusa gaban mahaifinta, ya dafa kanta. Farfesa ya ja su gefe ya tuna musu: tari, sarkin fawa, direban babbar mota. Kada su yi gaggawa. Mai gaggawa shi ke faɗuwa.

Ya zagaya da motar bayan katanga, daidai tagogin babban ɗakin, ya buɗe ƙofofi huɗu. Yau ba rakoda, rediyon motar oga zai yi aikin, mai lasifika gaba da baya. Ana kaɗa ƙararrawa a ciki ya tura kaset ya murɗa murya har ƙarshe.

Mawaƙin ya fito kamar an sake shi daga kurkuku. Murya tas, kalangu na gudu, kalmomi na bin juna kamar awaki a ƙofar turke. Ɗangoggo ya daskare. Ya daɗe bai ji mutumin nan da lafiyarsa ba har ya manta kamannin muryarsa. Kafin ya haɗiye yawu an wuce baitin da a Mararaba sai yara sun cika rabin shafi ake kaiwa gare shi.

Nan take ya gano abin da ya faru. Ai dama oga ya ce motar na buƙatar sabis. Rediyon ya lalace, gudu yake yi, zai ruɗa masa yara. Ya kashe shi da sauri. To amma ba za a bar yara ba lokaci ba. Ya cire takalmi, ya hau kan but ɗin Fijo, ya dafa katanga, ya kewaye bakinsa da tafin hannu, ya fara rera waƙar da kansa, da irin muryar da yaran suka saba da ita. Ya fara da ta juyi na biyu, mai buhu a ka. Da ya ga abin na tafiya sai ya sauka zuwa ta bijimi.

Kawuna suka fara ɗagowa a tagogi. Wani kare a gidan da ke kusa ya amsa. Ɗangoggo ya rufe ido yana jan wata kalma, ya kai tsakiyarta ke nan ya ji an kama ƙafar wandonsa ta baya.

Sajan ne. Ya sauko da shi ba tare da ya tambayi ra'ayinsa ba, ya tasa shi gaba har ƙofar makaranta, tsakiyar iyaye. Ya ce ya yi aikin jarrabawa a garuruwa da yawa, ya kama masu jefa amsa a cikin burodi, ya kama mai rubutu a cinya, amma yau ya fara ganin mai ba da amsa da kukan shanu. Ɗangoggo ya ce ba amsa ba ce, lokaci ne. Shi malami ne, mai kula da lokacin ɗalibansa.

"Kai ne mai lokaci?" in ji sajan. "To, ƙarfe nawa?"

Ɗangoggo ya ɗaga hannu ya dubi agogonsa da kyau, ya ɗan karkata shi ga rana, ya ce wannan yana kan lokacin Legas. Sajan ya kama hannun ya kai kunne. Ya girgiza. Ya sake saurara. Ya ce agogon nan ya riga kakansa mutuwa.

A nan ne Baƙo ya bar tukunyarsa ya matso, yana goge hannu, fuskarsa cike da tausayi. Ya roƙi sajan ya yi haƙuri, mutumin nan babban Farfesa ne a Mararaba, shi ke koya wa yara zama. Tun safe har la'asar, ba motsi, ba ruwa, ba zagayawa. Kaf ƙasar nan ba wanda ya kai shi riƙe mara. Ɗangoggo, da ya ji ana yabonsa gaban jama'a, bai san lokacin da ya gyaɗa kai ba.

Sajan ya ce madalla, shi ma yana son ya koya. Ya nuna wani fili mai tsakuwa a gaban ƙofa, inda ba inuwa ko ta tsinke, ya ce Farfesa ya zauna nan ya miƙe ƙafa har yara su fito. In ya motsa, a ofishin 'yan sanda zai ƙarasa waƙar. Kaset ɗin kuma aka ciro daga mota aka ba Baƙo ajiya.

Da farko Ɗangoggo ya zauna kamar mai ɗaukar hoto, ƙirji a gaba, yana yi wa iyaye murmushi, har yana gaya wa na kusa da shi cewa su lura da yadda ake ajiye baya. Sai tsakuwa ta fara gabatar da kanta ɗaya bayan ɗaya. Sai rana ta sami tsakiyar kansa. Sai kuma kunun Mama Hannah da shayin Baƙo suka haɗu a ƙasa suka fara shawara.

Ya harɗe ƙafa. Sajan ya ce miƙe. Ya miƙe. Ya ɗaga yatsa ya ce yana neman izinin minti biyu, akwai wani ɗan uzuri a bayan dutsen can. Sajan ya juya ya tambayi Baƙo ko Farfesa yakan ba ɗalibansa irin wannan izini. Baƙo ya ce wallahi bai taɓa ba, ko da yaro zai faɗa cikin baho. Ya koma teburinsa ya ɗaga buta sama yana tsiyaya shayi daga kofi zuwa kofi, dogon zuba mai ƙara, kuma ba wanda ya sayi shayin.

Ana cikin haka wata mata mai lema ta dubi agogon hannunta ta gaya wa ƙawarta cewa saura awa ɗaya su fito.

Maganar ta shiga kunnen Ɗangoggo. Awa ɗaya. A lissafin gindin mangwaro, yanzu ne mawaƙi ke shirin gaida sarkin fawa. Yanzu ne Asibi za ta buɗe darasi na uku cikin huɗu, a hankali, ba gaggawa, yadda ya koya mata. Gumin da ke fuskarsa ya canja iri. A karo na farko tun tasowarsa daga Legas ya tuna fuskar batiran nan da ke kan kwano, duk shaidar haƙori.

Baba Yamusa ma ya ji. Ya zo ya tsuguna kusa da shi.

"Wannan mata ya ce saura awa ɗaya. Kai ka ce sai la'asar."

Ɗangoggo ya ce agogon mata ne, ƙarami, irinsu gudu suke yi. Baba Yamusa ya dube shi, ya tashi, ya je ya kama ƙarfen ƙofar makarantar da hannu biyu yana kallon ɗakin. Bai sake waiwayowa ba.

Wanda ya waiwayo wani ne daban. Wani mutum mai farar shadda da jarida a hammata ya fito daga wata mota ya nufo teburin shayi, sai ya tsaya yana kallon wata Fijo da ke bayan katanga, ƙofofi huɗu a buɗe, sawun ƙafa a kan but. Ya karanta lambar. Ya sake karantawa. Sannan ya bi idon jama'a har kan tsakuwa.

"Ɗangoggo. Nan ne garejin?"

"Ranka ya daɗe, gwajin hanya nake yi mata kafin sabis."

Alhaji Hanif ya tambayi abin da ke faruwa, mutum goma suka ba shi labari a lokaci ɗaya, Baƙo na gyara musu inda suka tsallake. Da aka zo kan jami'o'i biyu da suka yi rigima, Alhaji ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce shi dai abin da ya sani, ranar jarrabawar ɗansa a Legas direban nan a mota ya yi barci da kaset a kunne har batirin motar ya mutu, sai da 'yan jarrabawa suka tura su. Ko ƙofar makarantar bai taka ba. Ya miƙa hannu aka ba shi makulli, ya ce sa haɗu ran Litinin.

Aka yi dariya har sojoji. Baba Yamusa kaɗai bai yi ba, yana riƙe da ƙarfe.

Ƙararrawa ta kaɗa. Yara suka fara fitowa, wasu na dariya, wasu na share ido, da yawa suna faɗin abin nan da Ɗangoggo ya ji a Legas, lokaci bai isa ba. Dominic ya fito yana waige, ya ce shi bai gane ba, an karɓe takarda ko sarkin fawa ba a gama ba. Da waƙar ta yanke ya ci gaba da rera ta a ƙasan maƙoshi don kada lokaci ya ɓace masa, malamin da ke tsaron ɗakin ya ce in ya ƙara gurnani zai fitar da shi.

Asibi ce kusan ta ƙarshe. Ta fito da fensir ɗinta ya koma guntu. Baba Yamusa ya saki ƙarfen.

"Ka gama?"

"Na gama, Baba. Har ta ƙarshe."

Dattijon ya cire hularsa ta coci ya goge fuska da ita, ya mayar a karkace.

Asibi ta ce da farko ta bi muryar Kawu, tana tafiya a hankali, har sai da ta ga ta kusa da ita ta juya shafi. Ta ɗaga kai, sai ga agogon bango a gaban ɗakin, faɗinsa ya kai faifai, malamin kuma yana rubuta lokacin da ya rage a allo da alli. Daga nan ta manta da kalangu ta kama gudu. Abu ɗaya dai za ta faɗa, wasu na ta mutsu-mutsu suna neman izinin fita, ita kuwa da aka ce a ajiye fensir ji ta yi kamar yanzu ta zauna.

Ɗangoggo, daga kan tsakuwa, ƙafafu a murɗe kamar igiya, ya ɗaga yatsa.

"Kun ji ko? Dabarar ke nan tun farko."

Baba Yamusa ya dube shi ya ce ɗakin da ya ba shi yana nan, amma rakodar ba za ta sake kwana a gidansa ba. Sajan ya ce Farfesa ya yi ƙoƙari, yana iya tashi.

Bai tashi kamar Farfesa ba. Ya tashi a dunƙule, gwiwa na gugar gwiwa, ya ratsa tsakiyar iyaye da wani irin gudu na gefe-gefe, ba takalmi, ya ɓace bayan dutsen. Baƙo ya ɗauko ƙaramar rakodarsa daga ƙarƙashin tebur, ya saka kaset ɗin, ya danna, ya ce jama'a su shaida. Ba wanda ya tafi. Har Alhaji Hanif ya tsaya, Nazeefa na jan hannun rigarsa.

Da Ɗangoggo ya fito yana gyara tazuge, fuskarsa ta dawo ta mutane, Baƙo ya kashe rakodar ya sanar da sakamako: waƙa biyu cur, da rabin kirarin sarkin fawa.

Ɗangoggo ya goge agogonsa da bakin riga.

"Sabon batir ka sa, Baƙo," ya ce. "Da nawa ne, ko baiti ɗaya ba a gama ba."